Darajar Mai Cewa Bari

Cikin kayan mota duka da wuya a sami abin da ya kai fis araha, da wuya kuma a sami wanda direbobi su ke jin haushinsa kamarsa. Ɗan ƙarfe ne siriri, waɗansu su kan ce da shi fiyus. Ba ya jan mota, ba ya haska hanya, ba ya busa ƙaho. Muddin ana zaune lafiya ba mai tunawa da shi. Ran da aka tuna da shi kuwa, to, ran nan ya ƙone, fitila ta mutu, tafiya ta tsaya, mai mota yana ta faɗa. Wannan ɗan ƙarfe shi ya kawo tambayar da mu ke so mu duba a nan. Wanda ya tsai da aiki don ya hango ɓarna tafe, maƙiyin aikin ne ko masoyinsa? In kuma mun tashi gyaran tsohon abu, mota ce ko gida ko ma'aikata, yaya ya kamata mu yi da mai tsai da mu?

Bari mu fara da aikin fis ɗin kansa, don magana ta zauna bisa tushe. Wutar mota daga batir ta ke fitowa, ta bi waya ta tafi fitila, ko ƙaho, ko abin share gilashi, ta yi aikinta, sa'an nan ta koma batir ta cikin ƙarfen jikin motar. Yawan wutar da ke gudana cikin waya da amfiya a ke auna shi, kamar yadda a ke auna hatsi da mudu. Ko wace waya tana da iyakar abin da ta ke iya ɗauka, gwargwadon kaurinta. In aka ɗora mata abin da ya fi ƙarfinta sai ta yi zafi. Zafin nan kuwa tsalle ya ke yi: in wuta ta ninka 2, zafi ya ninka 4, in ta ninka 3, zafi ya ninka 9. Ran da rigar waya ta goge, jan ƙarfen ciki ya taɓa jikin mota, wuta ta sami gajeriyar hanya ke nan, sai ta kwararo gaba ɗaya. Batir mai bolt 12 yana iya zubo ɗaruruwan amfiya nan take cikin wayar da aka yi domin 10 ko 20. Kafin a farga waya ta yi ja wur, roba ta kama, ga fetur nan kusa.

Sabo da haka maƙeran mota suka datse waya, suka sa wani ɗan ƙarfe a tsakani, suka yi shi da gangan ya fi ko'ina rauni. In wuta ta wuce kima shi ne ya ke fara narkewa, hanya ta yanke, sauran kaya su tsira. Watau raunin nan nasa shi ne amfaninsa. Ƙonewarsa kuma labari ce ya ke ba mai mota, cewa akwai cuta a wani wuri. Ruwa ba ya tsami banza.

A nan ƙasar Sakkwato har yanzu ba a rasa tsofaffin motoci da ke kan aiki, suna ɗaukar albasa da shinkafa da mutane tsakanin birni da Wurno, da Gwadabawa, da Illela. Akwai Fijo 504, wadda aka fara yi a Faransa a 1968, aka kuma yi shekaru ana harhaɗa ta a ma'aikatar Fijo ta Kaduna da ta fara aiki a 1975. Akwai a-kori-kura, akwai manyan motocin Marsandi, akwai kuma Land Rover, wadda ta fito Ingila a 1948, wadda ma'aikata suka daɗe suna rangadi da ita cikin rairayi. Waɗannan motoci an yi su ne a zamanin da kayan wuta ba su da yawa. Land Rover ta wajen 1960 fis biyu kaɗai gare ta, fitilun gaba ma ba su bi ta cikin ko ɗayansu ba. Motocin Ingila fis ɗinsu na gilashi ne, na Jamus kuwa, irin su Volkswagen da Marsandi, na tangaran ne mai tsini biyu, an maƙale shi tsakanin 'yan ƙarafa masu tauri.

Shekaru ba su bar waɗannan kaya yadda su ke ba. Zafin bazara, da ya kan wuce 40 a ma'auni cikin watan Afrilu, ya busar da rigar waya har ta tsage. Ƙurar hunturu ta shiga ko'ina. 'Yan ƙarafan da ke riƙe da fis sun yi tsatsa, sun saki, wurin da ya saki kuwa zafi ya ke yi ko da wuta ba ta wuce kima ba. Bayan wannan duka, masu mota sun ƙara wa tsohuwa kaya: rediyo mai ƙara, da fanka, da wurin cajin wayar hannu, da ƙarin fitilu. Ga lissafi mai sauƙi. Ƙwan fitilar gaba mai wat 55 yana jan amfiya 4 da rabi da 'yan kai, guda biyu sun tashi wajen 9. In aka sa masu wat 100 don a ƙara haske, guda biyu sun tashi wajen amfiya 17, kusan ninki biyu ke nan, zafin da ke cikin tsohuwar waya kuwa ya ninka fiye da 3. Jakin bai sake ba, mangala ce aka ƙara wa nauyi.

To, fis ya fara ƙonewa yau da gobe. A nan ne hanya ta ke rabuwa biyu, a nan kuma a ke gane halin mutum. Wani ya kan ce, ai fis ɗin nan ne ya dame ni. Sai ya naɗe shi da takardar azurfa ta kwalin taba, ko ya ɗaura guntun waya, ko ya cusa ƙusa a gurbinsa. Nan da nan fitila ta kama, ya yi murna, ya ce ya gyara. Alhali kuwa cutar tana nan inda ta ke, mai ba da labarinta kaɗai aka kawar. Daga ran nan wayar motar duka ita ta zama fis, in ta tashi ƙonewa kuwa da kujeru da kaya za ta tafi, wani lokaci har da rayuka. Wanda bai ji bari ba, ya ji hoho.

Wani kuwa ya kan kai motar wurin gwanin aikin waya, irin waɗanda a ke kira 'yan rewaya, ya ce a sake mata akwatin fis. Gwani ba ya fara da sayen akwati. Da fari ya kan kwance wayar batir, wadda ke haɗe da jikin mota, don kada wuta ta tashi yana cikin aiki. Sa'an nan ya bi wayoyi ɗaya ɗaya, ya ga inda ko wace ta fito da inda ta nufa, ya liƙa mata alama. Wadda ta tsage ko ta ƙone ya sake ta, domin sabon akwati bisa ruɓaɓɓiyar waya kamar sabon ƙyaure ne a jikin bangon da ke zubewa. Daga nan ya raba aiki: fitilar dama da nata fis, ta hagu da nata, ƙaho da nasa, abin share gilashi da nasa, rediyo da nasa. Inda dā biyu ke gadi, yanzu 8 ne ko 10. Ya kuma sa babba guda kusa da batir, kamar taƙi ɗaya, don ya tsare wayar da ke ciyar da akwatin. Fitilun gaba ya kan sa musu wani ɗan makunni mai suna rile, wanda ƙaramar wuta ke motsawa ya buɗe wa babbar wuta hanya, don kada nauyin ya bi ta tsohon makunnin da ke gaban direba.

Fis ɗin da a ke sa wa sabon akwati shi ne mai ƙafa biyu da jikin roba, wanda kamfanin Littelfuse na Amurka ya fito da shi a 1976. Lambarsa tana rubuce a kansa, launinsa ma yana faɗin ƙarfinsa: ja amfiya 10, shuɗi 15, ruwan ɗorawa 20, kore 30. Wanda ya koyi karatu, ko da girmansa ya koya, ba mai ruɗinsa a nan. Amma akwai tarko guda ga mai tsohuwar motar Ingila. Fis ɗin gilashi na kamfanin Lucas da aka rubuta wa 35, wannan lamba ta inda ya ke ƙonewa ce, abin da ya ke ɗauka yau da kullum 17 ne kawai. Na zamani kuwa lambarsa ta abin da ya ke ɗauka kullum ce. Wanda ya cire tsohon 35 ya sa sabon 35 ya ninka ƙarfin fis bai sani ba. Ƙaramin sani ƙuƙumi ne.

Dokar awo kuwa ita ce wannan, kuma ita ce zuciyar maganarmu. Lamba uku a ke dubawa: abin da aikin ya ke ja, da abin da fis ya ke ɗauka, da abin da waya ta ke iyawa. Fis ya ɗan ɗara aikin, amma kada ya kai iyakar waya. In fitilu suna jan 9, a sa 15, muddin wayar ta fi ƙarfin 15. Ba a auna fis da ƙarfin batir, ba a kuma auna shi da son ran mai mota. Da ƙarfin waya a ke auna shi, watau da ƙarfin mai ɗaukar nauyin.

Yanzu mai karatu ya duba gidansa da garinsu, zai ga ko'ina akwai fis. A zamanin En'e, kafin gyaran ƙananan hukumomi na 1976, kuɗi ba su fita baitulmali sai da takardar biya mai sa hannu, a rubuta cikin littafi, daga baya masu binciken lissafi su zo su duba. Akawun da ya ce takarda ba ta cika ba, ba za a biya ba, ya tsai da aiki, ya kuma ɓata wa wani babba rai. Amma abin da ya tsare dukiyar talakawa ce, su ne wayar da ke ɗauke da nauyin haraji. Haka matar da ta ce wa mai gida hatsin rumbu ba zai kai kaka ba in aka yi bikin nan yadda ya ke so. Haka yaron mota da ya ce kaya sun yi yawa. Haka ma ciwon kai da kasala, da su jiki ke cewa a huta. Ko wanne cikinsu ƙarami ne, mai rauni, mai sauƙin kawarwa. A sauya wa akawu wurin aiki, a daka wa mace tsawa, a kori yaro, a haɗiyi ƙwaya a ci gaba. Duk wannan cusa ƙusa ne a gurbin fis.

Akwai ma abin da ya fi ƙusa haɗari. A kasuwa a kan sami fis na jabu, launinsa daidai, lambarsa daidai, amma ƙarfen cikinsa ba ya narkewa inda ya kamata, har roba ta narke yana nan. Wanda ya sa ƙusa ya san ba shi da tsaro. Wanda ya sa jabu kuwa barci ya ke yi da munshari. Cikin mutane wannan shi ne mai ba da shawara wanda bakinsa bai san kome ba sai, haka ne, ranka ya daɗe. Yana zaune a mazaunin mai gargaɗi, yana cin abincin mai gargaɗi, bai taɓa cewa bari ba ko sau ɗaya. Shugaban da ya tara irin waɗannan ya fi wanda ba shi da kowa shiga uku, don shi yana tsammani a tsare ya ke.

Amma fa maganar tana da masu ja, kuma ja ɗinsu ba na banza ba ne. Na fari ya ce: dare ya yi mini a dajin da ke tsakanin Gwadabawa da Illela, da mata da yara cikin mota, fis ya ƙone, ba ni da wani. In zauna nan har gari ya waye don kada in ɗaura waya? Amsa ita ce, larura tana da hukuncinta, ba mai musun wannan. Sai dai a lura da abu biyu. In waya ce ta taɓa jikin mota, ɗaura guntun waya ba zai kai shi gida ba, wuta zai tayar, sabo da haka ko cikin larura sai ya nemi dalili tukuna. Na biyu, mai sabon akwati da wuya ya shiga wannan matsi, don yana iya cire fis ɗin rediyo ya ba fitila, in ƙarfinsu ɗaya, kuma in fitila ɗaya ta mutu ɗayar tana nan. Babban laifin shi ne abin da aka ɗaura don dare ɗaya ya shekara yana nan. Yawancin miyagun al'adu ta ƙofar larura suka shigo, suka ga wuri suka shimfiɗa tabarma.

Na biyu ya ce: ai akwai mai gargaɗin da ya cika damu, abu kaɗan ya ce bari, har ba a iya aikin kome. Wannan ma gaskiya ne. Fis ɗin da ya yi ƙanƙanta da aikinsa kullum ƙonewa ya ke yi ba gaira ba dalili, shi ne ma ya ke tura mutane ga ƙusa. Akawun da ya ke riƙe takardar talaka wata guda don wani ɗigo bai fito sosai ba, ko don a ba shi na goro, ba tsaro ya ke yi ba, zalunci ya ke yi da rigar tsaro, yana kuma ɓata sunan masu gaskiya. Maganin wannan shi ne awon nan da muka faɗa. A tambaya, wa wannan hani ya ke tsarewa? In mai rauni ya ke tsarewa daga nauyin da ya fi ƙarfinsa, a bar shi ko da ya yi ɗaci. In ba ya tsare kowa sai girman kan mai hanin, a gyara shi. Gyaran fis ɗin da ya yi ƙanƙanta shi ne a sa wanda ya dace, ba wanda ya taɓa cewa a bar gurbin da ƙusa.

Na uku ya ce: tsohon abu a bar shi yadda magabata suka yi shi, da tsohuwar zuma a ke magani. A Ingila da Amurka akwai masu tara tsofaffin motoci da ba su yarda a sake ko noti ɗaya, suna da hujjarsu, don motar da aka ajiye domin kallo tarihi ce. Waɗansunsu ma su kan bar tsohon akwati a wurinsa, su ɓoye sabo a ƙarƙashi. Amma motar da ke ɗaukar rayuka kullum hukuncinta dabam. Maƙerin da ya sa fis biyu ya sa su ne gwargwadon nauyin zamaninsa, nufinsa kada mota ta ƙone. Wanda ya ƙara nauyi ya bar fis biyu ya riƙe siffar aikin magabata ya saki nufinsu. Wanda ya ƙara masu gadi gwargwadon ƙarin nauyi shi ya bi su da gaske. Da wannan a ke rarrabe gyara da ɓarna a ko wane tsohon abu: a ƙidaya masu ikon cewa bari kafin gyara, a ƙidaya su bayansa. In sun ƙaru, kowa ya san abin da ya ke gadi, an yi gyara. In sun ragu, kome ƙyallin fenti, an kusa da gobara.

A wuri ɗaya ne misalin fis ya kasa, kuma wajibi ne a faɗe shi. Fis ƙarfe ne, in ya ƙone a jefar a sa wani, ba a zalunci kowa ba. Mutum ba haka ya ke ba. In ya zamana duk wanda ya faɗi gaskiya sai ya rasa aikinsa ko mutuncinsa, ba da daɗewa ba za a nemi mai faɗi a rasa, sai jabu su cika akwati. Tarihin garin nan ya nuna wata hanya. Ana cikin jihadi, kafin a ci Alƙalawa a 1808, Malam Abdullahi, ƙanen Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, ya ga waɗansu cikin jama'a sun karkata ga neman dukiya da sarauta. Abin ya dame shi har ya bar runduna ya nufi gabas. Da ya isa Kano mutanen garin suka tsai da shi, a nan ya rubuta musu littafin Liya'ul Hukkami bisa yadda a ke mulki da adalci, daga baya ya komo. Da aka raba kula da ƙasa a 1812, shi aka danƙa wa yamma, Muhammadu Bello aka ba shi gabas. Wanda ya ce bari da babbar murya ba a jefar da shi ba, rabin ƙasa aka ba shi ya riƙe. Jama'ar da ta iya wannan ta fi maƙeran mota hikima, don ta sami gargaɗi ba ta yi hasarar mai gargaɗin ba.

Shi kuma mai cewa bari akwai hakki a kansa. Gwanin waya in ya gama aiki ya kan rubuta a murfin akwati, wannan na fitila, wannan na ƙaho, don in ɗaya ya ƙone a san inda za a duba. Haka ya kamata mai gargaɗi ya zama. Ya faɗi abin da ya gani, da wurin da ya gan shi, ga wanda ke da ikon gyarawa, cikin ladabi, ba tare da ya tsai da abin da ba ruwansa ba. Gunaguni a bayan ido ba ya nuna wa kowa inda waya ta goge.

Sabo da haka, ya kai mai karatu, in kana da mota, ko kana shiga ta wani, buɗe murfin akwatin nan ka duba. In ka ga takardar taba ko guntun waya, kada ka ɗora iyalinka sai an gyara, ka kuma ajiye fis biyu uku na ko wane launi cikin aljihun mota, kuɗinsu bai kai na kwanon abinci ba. In ka rufe murfin, sai ka ƙidaya mutanen da ke iya duban idonka su ce maka bari, su kwana lafiya. In ka sami ko da biyu, riƙe su da kyau. In ba ka sami ko ɗaya ba, kada ka ce don ba ka kuskure ne, bincika ka ga ran da ka cusa ƙusa. Gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba.